Mallah: yadda Yahudawan Maroko suka zauna da Musulmi, da inda labarin ya taɓo Kano

Tun ina yaro nake jin kalmar Bayahude a bakin mutane, amma ban taɓa jin an faɗe ta ana nufin wani mutum mai suna, mai uwa da uba ba. In ɗan tireda ya tsuga maka kuɗi sai ace wannan ai Bayahude ne, in yaro ya cika wayo da taurin kai sai kaji tsohuwa tace kai bayahuden yaro. Yawancinmu bamu taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, iya abinda muka sani shine na wajen tafsiri, Banu Ƙainuƙa'a da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza, sai kuma labaran Falasɗinu da muke ji a rediyo muna gani a waya, masu ƙona rai. To amma tsakanin zamanin Madina da abinda ake yi a Gaza yau akwai shekara sama da dubu da ɗari uku, kuma a tsawon shekarun nan Yahudawa masu ɗimbin yawa a cikin ƙasashen Musulmi suka rayu, Bagadaza, Alƙahira, San'a, Istanbul, Tunis. Wannan dogon zaman shine mu bamu da labarinsa, kuma ni abin yana damuna.

Na Maroko nake so mu duba. Dalili kuwa, zuwa ƙarshen shekarun 1940 akwai Yahudawa kimanin 250,000 a ƙasar, babu wata ƙasar Musulmi da ta kai ta. Sannan mutanen Maroko 'yan Malikiyya ne irinmu, littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure su suke karantawa, dan haka hukuncin da aka zaunar da Yahudawan a kai ba baƙo bane a wajenmu. Kuma akwai hanyar fatake ta Sahara wadda ta ɗauro wutsiyar labarin har cikin birnin Kano, zamu zo wajen.

Sun daɗe a can fa, sun riga Musulunci zuwa. A kufan garin Walili na zamanin Rumawa an samu dutsen kabari da rubutun Ibraniyanci. Akwai waɗanda suka zauna a ƙauyukan duwatsun Atlas suna yaren Buzayen can wato Amazig, akwai na birane masu Larabci. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba, yayi zama a Fas wajen 1160 zuwa 1165 kafin tsananin daular Muwahhidun, wadda ta tilasta wa waɗanda ba Musulmi ba ko su musulunta ko su bar ƙasa, ya sa iyalinsa suka nufi gabas, ya ƙare a Masar yana likita a fadar Salahuddin, ya rasu a 1204. Abinda ya ɗauki hankalina game da shi, yawancin manyan littattafansa da Larabci ya rubuta su amma da haruffan Ibraniyanci. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar ajami zai gane wannan nan take, mu mun ɗauki haruffan Alƙur'ani mun rubuta Hausa, su kuma suka ɗauki haruffan Attaura suka rubuta Larabcin da suke yi a gida da kasuwa. Haka 'yan kasuwarsu suke rubuta wasiƙa da lissafin bashi har cikin ƙarni na 20.

A 1492 sarakunan Sifen, Fadinan da Isabela, suka ci Garnaɗa sannan suka bada doka duk Bayahude ya zama Kirista ko ya fita, Fotugal ma ta biyo baya a 1497. Dubbai suka tsallako ruwa zuwa Fas da Tetuwan da Sale da sauransu. Nan fa zaman ya zama hawa biyu, dan su kansu Yahudawan basu zama tsintsiya ɗaya ba. Tsoffin mazauna ana ce musu toshabim, baƙin da aka koro kuma megorashim, kuma baƙin nan sunzo da ilmi da kuɗi da jin kai, suna ganin na gida ƙauyawa ne. A Fas sai da aka shekara da shekaru ana rigima akan hukuncin huhun dabbar yanka, wace ta halatta wace bata halatta ba, har kowa ya ware wurin ibadarsa, na gida suka riƙe nasu da ake kira Slat al-Fasiyin. Kalmar slat ɗin nan salla ce ta Larabci, da ita suke kiran ɗakin ibadarsu. A arewa kuwa wajen Tetuwan da Tanja baƙin suka riƙe yarensu, Sifaniyanci gauraye da Larabci da Ibraniyanci, ana ce masa Haketiya, har suna kiran Yahudawan da suka tarar a ƙasar da sunan baƙi. Wanda ya san yadda ake yi a zango tsakanin wanda kakansa ya sari wurin da wanda ya sauko daga mota jiya da jari a aljihu, ba zai yi mamaki ba.

Unguwarsu sunanta mallah. Ta farko a Fas aka yi ta a 1438, jikin fadar sarki, akan wani fili da ake dangantawa da gishiri, milh da Larabci, daga nan sunan ya bi duk wata unguwar Yahudawa a ƙasar. Ta Marakesh ta zo wajen 1558. Ganuwa ce da ƙofa, ana rufewa da dare. A ciki suna da shugabansu da ke tsaya musu a gaban hukuma, kusan kamar Sarkin Hausawa a Sabo ta Ibadan ko Sarkin Zango a Kumasi, suna da alƙalansu masu hukuncin aure da saki da gado bisa shari'arsu, da mahautansu, da makarantar yara inda ake haddar Attaura da ƙarfi ana rangaji, da asusun marayu da na jana'iza. In ka shiga mallah ta Fas ko yau zaka gane ta da ido, dan gidajen Musulmi bayansu suke juyawa titi, komai yana tsakar gida, su kuwa gidajen mallah baranda ce ta katako a sama tana leƙen hanya.

Sharaɗin zaman shine zimma. Bayahude ɗan amana ne, yana biyan jiziya, sarki kuma ya tsare masa rai da dukiya da addini. In ka auna da abinda ake yiwa 'yan uwansu a Turai a lokacin, inda ake kora da ƙonawa, wannan rufin asiri ne babba, shi yasa ma suka gudo nan ɗin. Amma kada mu yiwa kanmu daɗin baki, amanar tana tafe da ƙasƙanci. A manyan birane irinsu Fas da Marakesh har ƙarni na 19 Bayahude baƙaƙen kaya yake sawa, baya hawa doki, in zai wuce masallaci ko ya ratsa wasu unguwannin Musulmi sai ya tuɓe takalmi ya taka a ƙasa, shaidarsa akan Musulmi bata karɓuwa a gaban alƙali. Kuma babban rauninta, duk tsaron a wuyan mutum ɗaya yake rataye. In sarki yana da ƙarfi mallah lafiya lau, ran da ya mutu ko aka yi masa tawaye to ita ake fara wasashewa tunda ga ta nan jikin fada kuma an san akwai zinariya. A 1465 da mutanen Fas suka tayar wa sarki Abdulhaƙƙ na Banu Marin, wanda ya naɗa Bayahude waziri, Yahudawan garin ne suka kwana a ciki, an kashe da yawa. A 1790 Maulaye Yazid da ya hau mulki ya saki sojoji akan mallah ta Tetuwan da wasu garuruwa. A 1912 ma da sojojin Fas suka yi bore akan shigowar Faransa, mallah aka afkawa, mutanenta suka gudu suka fake a cikin fadar sarki.

To duk da haka, in ka bar tarihin sarakuna ka sauko ƙasa wajen talakawa, nan ne labarin yake da daɗin ji. Ganuwar nan da rana a buɗe take, kuma kowa yana buƙatar kowa. Ƙirar zinariya da azurfa kusan duk a hannun Yahudawa take, awarwaro da 'yan kunne da manyan maƙalai na azurfa da matan Amazig suke ado dasu, Bayahude ne yake zaune gaban wuta yana ƙerawa. Su ne masu zaren zinariya da ake yiwa kaftani aiki dashi, su ne teloli, dukawa, masu gyaran tukunya da sirdi, da 'yan koli masu bin ƙauyuka da jaki. A karkara inda ikon sarki baya kaiwa, ɗan kolin nan yakan je ya yanka rago a ƙofar wani mai faɗa a ji na ƙabila, shikenan ya shiga amanarsa, wanda ya taɓa shi ya taɓa maigidan, kuma amanar tana bin 'ya'ya da jikoki. Har shiga cikin gida wajen mata yake da kayan tallansa, inda baƙon namiji Musulmi bai isa ya leƙa ba.

Ga wani abu da nake so ku kalla da kyau. Ran Asabar Bayahude baya hura wuta baya girki, daga faɗuwar ranar Juma'a har faɗuwar ta Asabar. To ya za'a ci abinci mai zafi? Sai uwargida ta haɗa tukunya tun ranar Juma'a da rana, nama da ƙashi mai ɓargo, dankali, wake irin nasu, alkama ko shinkafa a ƙulle cikin ƙyalle, da ƙwai ɗanye da ɓawonsa, ta rufe bakin tukunyar ta liƙe, a yi mata alama dan kar ta ɓace cikin na maƙwabta, yaro ya ɗauka a ka ya kai gidan gasa burodi na unguwa. Mai gidan burodin, wanda sau da yawa Musulmi ne, sai ya tura tukwanen cikin toka mai zafi su kwana suna nuna a hankali, washegari bayan an sauko daga ibada a zo a ɗauka, ƙwan nan ya koma ruwan ƙasa, naman yana zubewa da kansa. Sunan abincin dafina, daga kalmar Larabci ta binnewa, wasu suce sakina, wato mai zafi. Kaga kenan ibadar Asabar ta gidan nan bata cika sai da hannun maƙwabci Musulmi, shi kuma ya san dokar sarai, ya san ranar da za'a kawo da lokacin da za'a karɓa.

Wanda yafi wannan shine Mimuna. A idinsu na tunawa da fitar Annabi Musa da Bani Isra'ila daga Masar, kwana takwas suke yi basa cin duk wani abu mai yisti, ko ɓurɓushinsa basa bari a gida, kuma a kwanakin basa cin abincin gidan kowa. Daren da idin ya ƙare sai a buɗe ƙofofi, maƙwabta Musulmi su shigo da tire, ga fulawa, ga yisti, ga man shanu da zuma da madara, ga na'ana'a da zangarniyar alkama ɗanya. Da wannan fulawar ake kwaɓa abincin farko, wata 'yar gurasa siririya mai laushi da ake kira mufleta, ana shafa mata man shanu da zuma a naɗe a ci da shayi. Su kuma su baiwa maƙwabtan irin busasshiyar gurasar idinsu. Ana yawo gida gida har tsakar dare ana yiwa juna addu'a da Larabcin Maroko, tirbahu wa tis'adu, Allah ya bada riba da sa'a. Ni dai duk sanda na karanta wannan sai na tuna kwanon tuwon salla da ake aiken mu dashi gidan maƙwabta, da kwanon da yake dawowa ba'a barinsa ya dawo wayam.

Har waliyyai suka yi tarayya. Yahudawan Maroko mutane ne masu ziyarar kaburburan bayin Allah kamar yadda Musulmin ƙasar suke yi, suna da ɗaruruwan irin waɗannan wurare, kuma fiye da ɗari daga ciki ɓangarorin biyu duk suna zuwa neman tabarruki, mace mai neman haihuwa ko mai ɗa mara lafiya bata tsayawa tambayar addinin mai kabarin. Akwai na Amram bin Diwan kusa da Wazzan, akwai na Hayim Pinto a Sawira. Waƙa ma haka, kiɗan Andalus da suka taho dashi tare suka riƙe shi tare, har akwai wani salo da ake kira maɗruz, wato mai aikin zare, baiti ɗaya Ibraniyanci ɗaya Larabci akan karin waƙa guda. Amma iyaka tana nan daram, ba'a auratayya, ba'a cin yankan Musulmi, kuma ƙetare iyakar yana iya cin rai. A 1834 aka fille kan wata budurwa 'yar Tanja mai suna Solika a Fas, bayan an shaida cewa ta musulunta ita kuma ta musanta, aka yanke mata hukuncin ridda. Kabarinta yana maƙabartar Yahudawa ta Fas, kuma matan Musulmi ma suna ziyartarsa suna ce mata Lalla Solika. Wannan kabarin shi kaɗai ya isa ya nuna maka yadda zaman yake, zumuncin da zaluncin a wuri ɗaya.

Yanzu mu juyo kudu. Tun zamanin Sijilmasa, tsohon birnin fatake a kudancin Maroko, Yahudawa suna cikin cinikin zinariyar da take fitowa daga ƙasashen baƙar fata. Sanannen hoton nan na Mansa Musa zaune da dunƙulen zinariya a hannu, da muke gani a littattafan tarihi, daga taswirar 1375 yake wadda ake dangantawa da Abraham Kireskes, Bayahude ɗan tsibirin Mayorka, kuma irin wannan sani ta bakin fatake yake isa can. A tsakiyar Sahara akwai Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, matattarar ayari, garin Tamantit yana da tsohuwar al'ummar Yahudawa da ɗakin ibadarsu. Wani ɗan kasuwa daga Jenowa, Antoniyo Malfante, ya rubuto wasiƙa daga can a 1447 yana cewa Yahudawan wurin suna da yawa kuma suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari.

Sai ga Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya zauna a Tuwat. Eh, al-Magilin da muka sani. Shi a ganinsa Yahudawan Tuwat sun warware zimmarsu, saboda sun shige jikin masu mulki, basa bada jiziya a ƙasƙance kamar yadda ya fahimci hukuncin, kuma ɗakin ibadarsu bai kamata ya tsaya a ƙasar Musulmi ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, yace a'a, mutanen nan 'yan amana ne, an same su da wurin ibadarsu, babu hujjar rushewa. Aka aika tambaya Fas da Tilimsan da Tunis, malamai suka rabu, Ibn Zakri muftin Tilimsan yana cikin waɗanda basu goyi bayan rushewa ba, al-Tanasi kuma ya bashi goyon baya, kuma fatawoyin nan suna nan a cikin littafin Mi'iyar na al-Wansharisi ga mai son dubawa. Da amsar da yake so ta iso, wajen 1492, al-Magili ya tara jama'a aka rushe ginin, aka kashe waɗanda aka kashe, sauran suka watse. Shekarar da ake korar Yahudawa daga Sifen suna samun mafaka a Fas, a shekarar ko kusa da ita ake tarwatsa na Tamantit.

Daga nan ya biyo ta Ayar ya shigo ƙasar Hausa, ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda yayi sarauta 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa nasiha akan abinda ya wajaba ga sarakuna, yaje Katsina, Sharifan Kano har yau dashi suke danganta asalinsu, kuma Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu sun yi ta kafa hujja da rubutunsa. Ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu sarkin Songai, can labari ya same shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat, ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke garin, sai alƙalin Tumbuktu Mahmudu bin Umar ya sa baki yace basu da laifi aka sake su. Amma ƙofar Songai ta rufu ga Yahudawa, matafiyi Hasan al-Wazzan da ya ziyarci Tumbuktu bayan haka ya rubuta cewa sarkin baya yarda Bayahude ya zauna a garin. Ni ina girmama al-Magili, bashin da ƙasar Hausa take ɗauke dashi nasa mai yawa ne, amma a wannan mas'alar zuciyata tana wajen alƙali al-Asnuni, kuma yana da kyau mu sani cewa tun a lokacin akwai manyan malaman Malikiyya da suka ce masa ba haka ba. Mu dai ɓangare ɗaya na muhawarar ne ya tako da ƙafarsa ya iso mana.

Cinikin bai mutu ba. A shekarun 1760 sarki Sidi Muhammad bin Abdullahi ya gina tashar jiragen ruwa ta Sawira, wadda Turawa suke kira Mogado, ya kirawo gidajen attajiran Yahudawa irinsu Korkos ya basu jari da lasisi, ana ce musu tujjar as-sulɗan, fataken sarki. Gashin jimina, ƙaro, hauren giwa da fatu suna fitowa daga kudu, shayi da sukari da yadi suna shigowa daga Ingila, har ake kiran garin tashar Tumbuktu. Shayin nan da na'ana'a da ya zama alamar Maroko ta irin waɗannan hannuwan ya yaɗu. Kuma sai wajen 1860 wani malamin Yahudawa ɗan garin Akka, Mardoke Abi Serur, ya kutsa Tumbuktu da ƙyar ya samu izinin zama da kasuwanci.

Abinda ya fara tsinka zaren a hankali shine zuwan Turawa. Wata ƙungiyar Yahudawan Faransa da aka kafa a Faris a 1860 ta buɗe makarantarta ta farko a Tetuwan a 1862, daga nan suka bazu, yaran mallah maza da mata suka samu boko da Faransanci shekaru da dama kafin yaran Musulmi. Alheri ne ta wani gefen, ya fidda mutane da yawa daga talauci da cuta, amma ya sa da Faransa ta karɓi ƙasar a 1912 sai ga ɗan maƙerin azurfa ya zama akawu ko tafinta a ofishin Bature, yana sa kwat, yana jin kunyar Larabcin kakarsa, maƙwabcinsa kuma ya fara yi masa kallon ɗan koren mai mulki. Kuma Faransan bata ɗauke su nata ba, bata basu takardar zama 'yan ƙasa kamar yadda ta baiwa na Aljeriya a 1870 ba. A 1940 da gwamnatin Bishi ta Faransa mai biyayya ga Hitila ta kawo dokokin wariya, an zartar da wasu a Maroko da hatimin sarki, an rage su a aikin gwamnati da makarantu, amma Sarki Muhammadu na Biyar ya nuna a fili baya so, a bikin zagayowar hawansa mulki na 1941 ya gayyato manyan Yahudawa ya zaunar dasu a gaban jami'an Faransa, kuma ba'a kwashi Yahudawan Maroko zuwa sansanonin kisa na Turai ba. Har yau zaka samu hotonsa a bango a gidajen jikokinsu.

Amma cikin shekara ashirin kacal bayan kafa Isra'ila a 1948 kusan kowa ya tafi, kuma dalilin ba ɗaya bane, duk wanda ya baka dalili ɗaya ya rage maka wani abu. Akwai tsohon begen Ƙudus da yake cikin addu'arsu kullum, musamman mutanen ƙauye. Akwai talaucin mallah, ɗaki ɗaya mutum goma. Akwai wakilan Sahayoniyya, masu aƙidar tara Yahudawa a Isra'ila, da suka yi ta bin gari gari suna zuga mutane suna shirya musu tafiya. Akwai tsoro, dan a watan Yunin 1948 an kashe Yahudawa sama da 40 a Wujda da Jarada. Bayan 'yancin kai a 1956 akwai Bayahude, Dakta Leyon Benzaken, a cikin ministoci, amma kuma an hana fita zuwa Isra'ila, aka yanke hulɗar wasiƙa da can, mutum baya jin ɗuriyar ɗansa, sai aka koma fita a ɓoye, har jirgin ruwan Egoz ya nutse a Janairun 1961 da mutum sama da 40. Bayan nan Sarki Hasan na Biyu ya yarda aka buɗe hanya bisa yarjejeniyar sirri da biyan kuɗi akan kowane kai, tsakanin 1961 da 1964 kusan mutum 97,000 suka fita. Yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 ya kwashi mafi yawan ragowar, masu hali suka nufi Faransa da Montiriyal ta Kanada. Akwai ƙauyukan Atlas da aka wayi gari motoci sun zo sun kwashe rabin gari, ba maƙeri ba baduku, maƙwabta suna tsaye suna kuka.

A Isra'ilar ma ba shimfiɗa suka tarar ba. Yahudawan Turai da suke riƙe da Isra'ila kallon Larabawa suka yi musu, aka zuba su a tantuna, aka tura su garuruwan bakin hamada irinsu Dimona da Yeruham. A 1959 suka yi bore a unguwar Wadi Salib ta Haifa, a 1971 samarinsu na unguwar Musrara a Ƙudus suka kafa ƙungiyar gwagwarmaya. Kuma abinda yake sa ni shiru, unguwannin nan biyu gidajen Falasɗinawa ne da aka raba da su a 1948, aka cusa waɗannan a ciki. Mutumin da ya baro gidansa a mallah ya kwana a ɗakin wanda aka kora, shi kuma wancan yana tanti a Lebanon ko Jodan da makulli a hannu. Mimuna tana nan ana yi a Isra'ila, ta ma zama babban biki da 'yan siyasa suke zuwa a ɗauke su hoto, sai dai fulawar daga kanti ake sayo ta, babu maƙwabcin da zai shigo da tire.

A Maroko yau saura kamar mutum 2,000, yawanci a Kasablanka, suna da makarantu da kotun malamansu ta aure da gado. Kundin tsarin mulkin 2011 ya ambaci Ibraniyanci cikin magudanan da suka haɗu suka yi asalin ƙasar, akwai gidan tarihinsu a Kasablanka tun 1997, kuma Andire Azulay ɗan Sawira yana baiwa sarki shawara tun 1991. Ba duka bakinsu ɗaya akan Isra'ila ba, Abraham Sarfati ya shekara 17 a kurkukun Hasan na Biyu saboda adawa da mulki, kuma har ya mutu yana tare da Falasɗinawa yana sukar Sahayoniyya. Gwamnati ta ƙulla hulɗa da Isra'ila a Disambar 2020, jama'a kuma daga Oktoban 2023 suka yi ta cika titunan Rabat suna neman a tsinke ta. A 2007 wasu ɗalibai Musulmi a jami'ar Al-Akawain ta Ifran suka kafa ƙungiya dan koyon tarihin Yahudawan ƙasarsu, suka sa mata suna Mimuna, yara ne da basu taɓa ganin daren ba sai a bakin kakanni. Maƙabartun kuwa, an gyara sama da 160 da umarnin Sarki Muhammadu na Shida, kuma a garuruwa da yawa da babu sauran Bayahude ko ɗaya, makullin yana hannun wani gidan Musulmi da suka gaji gadin wurin daga uba zuwa ɗa, su suke share ciyawa suna shafa farar ƙasa, in baƙo ya sauka daga Faris ko Montiriyal ko Ashdod ta Isra'ila ya faɗi sunan gidansu, mai gadin ya wuce gaba ya kai shi har kan kabarin kakansa.